Abincin Maƙwabta a Firizar Hasiya

Ga ta nan ta iso, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta shigo mu ji ta, mun gyara.

A unguwar Rikkos ta garin Jos, can ƙasan wani layi da ruwa ke zaizaye wa duk damina, akwai gidan haya mai ɗaki takwas, famfo ɗaya, kwata ɗaya. A nan wata mata mai suna Hasiya take zaune. Maman Ashraf ake ce mata, ko da yake Ashraf ɗin ya girma ya tafi Bauci aiki, ƙannensa mata biyu kuma an aurar da su. Mijinta Shu'aibu direban babbar mota ne. Yana lodin tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada ya kai Kudu, ya yi kwana biyar ko shida ya dawo.

Hasiya mace ce mai jiki, jiki na gaske. In ta zauna a kujerar tsakar gida sai kujerar ta yi kuka. Kuma a gidan nan wannan abin yabo ne. Matan gida kan ce, “Kai, Oga Shu'aibu ya iya kiwo,” ita kuma ta yi dariya har kafaɗunta na rawa.

Farkon damina ta yi tuntuɓe da dutsen gindin famfo, babban yatsanta na ƙafar dama ya fashe. Abu ɗan ƙarami. Ta sa gishiri, ta sa man zafi, ta ɗaure da tsumma. Sati uku bai rufe ba. Ranar da ta kwance tsumman ta ji wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi ya taso, ta kuwa san warin nan. Wata takwas ta yi tana jinyar mahaifiyarta da ciwon suga. Ita ce mai wanke gyambon safe da yamma, ita ce mai korar ƙuda, ita ce ta riƙe tsohuwar ranar da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Shekara goma sha biyu ke nan, amma hancinta bai manta ba.

Washegari ta saka safa, ta yafa mayafi, ta tafi wani ƙaramin asibiti ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ma'aikaciyar jinyar, Sista Suzana, ta ɗora ta a sikeli, ta soki yatsan hannunta ta duba jini, sannan ta ja kujera ta zauna gabanta.

“Mama, kilo ɗari da huɗu. Sugan ma ya hau sosai. Ki saurare ni da kyau. In kin sauke kilo goma cikin wata uku, sugan ya sauka, ciwon nan zai rufe. In bai rufe ba, zai ci gaba da hawa ƙafar, likita kuma zai fara maganar wuƙa.”

“Wuƙa,” in ji Hasiya.

“Ba mu kai can ba. Tuwo ki ci kamar dunƙulen hannunki, ba na oganki ba. Ganye ya fi rabin faranti. Kifi, wake, ƙwai, duk ki ci. Suga a shayi babu, lemon kwalba babu. Ga ƙwayoyi. Duk Litinin ki zo a wanke ciwon.”

Hasiya ta fito da ƙwayoyi a leda da kalma biyu a kai: ganye da wuƙa. Sauran bayanin duk ya zube a hanya.

Ta ƙudurta kuma ba wanda zai ji. Ta tuna yadda ɗakin mahaifiyarta ya riƙa cika da 'yan dubiya, kowacce ta toshe hanci da gefen mayafi tana “sannu, sannu,” kowacce da nata saiwar, in sun fita kuma a ji suna cewa ai na gado ne. Ita ba za a yi mata wannan kallon ba. Ko Shu'aibu ba ta gaya wa ba, ta ce mutumin da ke kan titi ba a ɗora masa tunani. Safa kuwa, a Jos da damina wa zai tambaye ka don me ka sa safa?

Ta wuce Farin Gada wajen Magadaliya, wata 'yar Kabong mai sayar da kayan lambu, wadda suka saba tun 'ya'yansu na goye.

“Maman Ashraf, kabeji har shida? Biki za a yi ba a gaya mini ba?”

“Babu biki. Sha'awa ce kawai.”

“Sha'awar kabeji? Ke da kike ce mini ganyen awaki nake sayarwa? Ko zomo kika fara kiwo?”

“Maman Pam, sa mini a leda, hadari na haɗuwa.”

Ta dawo gida ta yanka kabejin ta dafa da ruwa zalla. Babu mai, babu gishiri, babu ko ɗan yaji, don a ganinta daɗin bakin nan shi ne ya kai ta ga wannan hali, to bari ta hukunta shi. Kun san warin dafaffen kabeji in babu komai a ciki, kamar jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana uku a bokiti. Haka take zama a bakin gado ta toshe hanci ta tura, yana santsi a maƙogwaro, tana yunƙurin amai tana haɗiyewa. Cikinta ya kumbura da iska, ta yi gyatsa ta ji warin ya dawo mata, ta tsani kanta. Safe kabeji, rana kabeji da karas, yamma ruwan zafi da citta.

Yunwa kuwa a sanyin Jos ba irin ta ko'ina ba ce, har ƙashi take shiga. Da asuba Maman Kausar, mai ɗakin kusa da zaure, za ta ɗora kaskon ƙosai na sayarwa, ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sami Hasiya a kan sallaya. Yawu ya cika mata baki, ta rasa raka'a nawa ta yi. Da rana Rahma matar Mustapha tela za ta kankare ƙanzo a gindin famfo, ƙarar cokalin kaɗai ta isa ta sa yawun Hasiya ya tsinke. Sai ta fita ta tofar da yawun a kwata ta koma ciki.

Wankin ciwo ta je Litinin biyu. A ta uku Maman Kausar ta ce, “Wai ina kike zuwa duk Litinin haka da sassafe?” Daga ranar ba ta sake komawa ba. Ta ce za ta riƙa wankewa da kanta, ai ta iya.

Cikin wata guda zane ya fara zagaye ta ya yi saura. Kumatu suka zube, fatar damtse ta saki tana reto. In ta kalli madubi ƙyanƙyami take ji, na kitsen da ya rage da na fatar da ta saki, ta rasa wanne ya fi muni. Ana cikin haka giyar motar Shu'aibu ta lalace a hanyar Aba. Ya bugo waya ya ce mai motar ya ce ya zauna da ita har a samo kayan gyara. Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce.

Wata safiya tana cikin banɗaki ta ji matan gida suna magana ƙasa-ƙasa a bakin famfo, ba su san tana ciki ba.

Maman Kausar ce ke cewa, “Ni fa na leƙa tukunyarta jiya. Kabeji ne tsagwaronsa, ko ɗigon mai babu.”

“Innalillahi,” in ji Rahma. “Yaya Hasiya? Ita da ta riƙe ni lokacin da na haifi 'yan biyu, kullum da farfesu har na yi arba'in?”

“Korarsa aka yi, ina gaya miki. Sati biyu babu mota babu mai mota. Kunya ce ta hana shi dawowa.”

“To kada wadda ta nuna mata ta sani. Duk wadda ta sauke tukunya ta zuba mata, a ce ɗanɗano ne.”

Hasiya na tsugune da buta a hannu. Da ta buɗe ƙofa a lokacin ta ce, “Ba haka ba ne, suga ne,” da labarin ya ƙare a nan. Amma ta jira sai da suka watse, ta fito sumi-sumi.

To a gidan nan ba a ba babba abinci a kira shi taimako. Sai dai a miƙo kwano a ce, “Ga shi ki ɗanɗana mini gishiri.” Kuma ba a mayar da shi. Wadda ta mayar da kwanon maƙwabciya da abinci a ciki, ta ce mata ƙazama ke nan, ko ta ce tana tsoron an yi mata barbaɗe. An taɓa shekara biyu ana gaba a gidan a kan kwanon dambu ɗaya.

Bayan azahar Rahma ta yi sallama da kula a hannu. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, manja na kwance a sama.

“Yaya, ɗanɗana mini, kamar gyaɗar ta yi yawa.”

Hasiya ta karɓa ta yi godiya. Ta rufe ƙofa da niyyar ta shinshina kawai. Ba ta san lokacin da hannunta ya shiga ba. A tsaye ta ci, bayan ƙofa, ko bisimilla ba ta yi ba, loma kan loma tana nishi kamar wadda aka biyo, miya na bin gwiwar hannunta tana lashewa. Malmala uku ta tashi da su. Ta sa yatsa ta suɗe gefen kular. Da ta ɗago ta ga kanta a madubi, haɓa duk manja, ƙwayar shinkafa manne a kumatu, ido jawur, sai ta ji kamar ta kama wata baƙuwa tana mata sata a ɗaki. Daren nan yatsan ya kwana yana zogi, safar ta manne da ruwan ciwo. Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara ba.

Amma kwanuka ba su daina zuwa ba. Maman Kausar ta kawo faten dankalin turawa. Matar ɗakin ƙarshe ta kawo ɗanwake da mai da yaji. Rahma kuwa kullum ne. Yaya za ta yi da shi? Duk abin da zai fita daga ɗakinta sai ya ratsa tsakar gida, inda mata ke zaune tun hantsi har magariba, kuma kowacce ta san tuwonta ko a cikin leda ne. Zubarwa a bola kuma ba za ta iya ba. Ita da ko ƙwayar shinkafa ta gani a ƙasa sai ta tsince, za ta zubar da abincin Allah?

Sai idonta ya faɗa kan firizarta, wata doguwa mai murfi a sama, wadda a da take sa zoɓo da kunun aya na sayarwa. Ta ce shi ke nan, ba zubarwa ta yi ba, ajiyewa ta yi. In Baban Ashraf ya dawo ya ci. Ta riƙa juyewa a leda da robobi tana jerawa, ta wanke kwano ta mayar. Kafin ta juye takan dangwala ɗan yatsa ta lasa, don in ta yaba kada ya zama ƙarya tsantsa.

“Rahma, daddawar nan ta ji. Hannunki akwai albarka.”

Rahma ta yi murmushi har kunne. Gobe ta ƙaro.

Kwana biyar da farawa aka yi tsawa da yamma, taransfomar unguwa ta yi ƙara ta mutu. Hasiya ba ta damu ba. Nan fa Jos ne, cikin Agusta, ruwa ba ya ɗaukewa, mutum na magana hayaƙi na fita daga bakinsa. A garin nan ana barin miya a murhu ta kwana biyu ba ta yi komai ba. Ta ce sanyin gari ma ya isa, balle wuta za ta dawo gobe ko jibi. Abin da ba ta lissafa ba, rufaffen akwati ba ya sanin sanyin da ake yi a waje. Ƙanƙarar ta narke ta zama ruwa, ledojin suka yi iyo a ciki, abincin da take zubawa da ɗuminsa ya riƙa dumama na ƙasa.

Wuta ba ta dawo ba. Ranar ta huɗu ta ɗaga murfin ta ji tsami. Ranar ta bakwai ledoji sun kumbura kamar cikin matacciyar akuya, wata ta fashe, funfuna fari da kore ya rufe saman faten dankali. Ta saki murfin ta ruga ta yi amai a fo.

Daga nan abin ya fi ƙarfinta. Ba ta iya kwashewa ba a gani ba, ba ta iya hana kwano zuwa ba. Sai ta riƙa ɗauke numfashi, ta ɗaga murfi kaɗan, ta jefa, ta rufe. Ta cusa tsumma a gefen murfin, ta shimfiɗa bargo a kai, ta ɗora akwatin sifanonin Shu'aibu. Turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakin. Mai kawo kwano kuma a bakin ƙofa ake tsayar da ita, a ce ɗakin a hargitse yake.

Abin da ya fi komai muni shi ne ta gano warin yana mata amfani. In yunwa ta murɗe ta, ƙamshin ƙosai ya shigo, sai ta je ta ɗaga gefen murfin ta shaƙa sau ɗaya. Shi ke nan. Warin sak na ƙafar mahaifiyarta ne a watan ƙarshe. Yunwa ta ɗauke ɗif, ko kabejin ba ta iya kallo sai yamma. Ta riƙa yin haka sau biyu, sau uku a rana, hawaye na zuba, tana ce wa kanta magani ne. Ta ƙara ramewa. Mata suka ga ta ƙara ramewa, suka ƙara yawan abin da suke zubowa.

Yatsan kuwa ta daina kallonsa. Takan canza tsumma ido a rufe, ta ja safa.

A sati na biyu warin ya fito tsakar gida. Aka ce sokawe ce, ramin ƙazantar gidan, ta cika, aka buɗe aka ga ba ita ba ce. Aka ce gafiya ce ta mutu a silin, Mustapha tela ya hau da tocila ya sauko da yana a kai, bai ga komai ba. Manyan ƙudaje masu koren baya suka cika igiyar shanya. Masu sayen ƙosai suka fara tsayawa daga nesa, Maman Kausar na ta masifa wai wani ne ya binne mata abu don ya kashe mata kasuwa. Hasiya na cikinsu ana neman warin, ita ma da gefen mayafi a hanci.

Ranar wata Asabar da hantsi Shu'aibu ya dawo, da jakarsa da buhun garin kwaki a kafaɗa. Tun daga bakin layi ransa ya ɓaci, don mai shago ya riƙe hannunsa ya ce, “Sai haƙuri oga, Allah ya kawo wani aikin.” Mai wankin hula ma haka. Ya shigo gida mata suka gaishe shi da wata irin murya mai sanyi kamar ana ta'aziyya. Ya ɗaga labulen ɗakinsa, ya ja da baya kamar an mare shi.

“Subhanallahi! Hasiya, me ya mutu a ɗakin nan?” Sai kuma ya dube ta da kyau. “Ke kuma me ya cinye ki haka? Wa ya ce wa mutane an kore ni?”

“Baban Ashraf, shigo ka zauna, zan yi maka bayani.”

“In zauna a ina? A cikin wannan?” Ya bi warin da hanci har gindin firiza. Wani baƙin ruwa na ɗiga daga ƙasanta, ya jiƙa ledar ɗakin. “Nama kika bari ya ruɓe?”

“Don Allah ka bari sai an jima. Don girman Allah.”

Ina, bai ji ba. Ya sauke akwatin sifana, ya yaye bargo, ya leƙa waje. “Mustapha! Zo ka kama mini, mu fitar da masifar nan.”

Suka ja ta suna tari. A dokin ƙofa gindinta da ya yi tsatsa ya sarƙe, Mustapha ya ɗaga ɓangarensa da ƙarfi, ta kife a gefe. Murfin ya wangale.

Abin da ya malalo tsakar gidan nan ba shi da suna. Ruwa ne baƙi mai kauri da kumfa, da guntayen tuwo da suka zama toka-toka, da ledoji masu yauƙi, da tsutsa fari fat kamar an watsa shinkafa, sai dai wannan shinkafar tana motsi. Ya bi gangare ya nufi kwata, ya ratsa ƙarƙashin kujeru da turmi. Mustapha ya dafa bango ya amayar da karin kumallonsa. Mata suka kwashe yara suna salati. Ƙudajen igiya suka sauko gaba ɗaya.

Amma na sama-sama, na jiya da shekaranjiya, bai gama lalacewa ba. Ana gane shi.

Maman Kausar ce ta fara nunawa da ƙafa. “Wannan ba dambuna ba ne? Ga zogalen nan.”

Sai ga Rahma. Ta matso a hankali, hannu a hanci, ta tsaya kan wata farar leda da ta fashe. Miyar kuɓewa ce da ɗan kifi guda, tsutsa na hawa kansa.

“Yaya,” ta ce. “Kifin nan guda ɗaya ne a tukunyar. Jiya yarana gaya suka ci da ruwan miya, na tsame shi na sa miki. Da yamma kika ce mini ya yi daɗi. Kika ce har ƙayar kin tauna.”

“Rahma...”

“Ƙazama ce ni? Ko guba kike tsoro? Ki faɗa a gaban kowa.”

Hasiya ta duba ta ga ido goma sha wani abu a kanta, kuma irin kallon da ta yi ta gudu ne, sai dai ya fi wancan muni, don babu tausayi a ciki. Ta zauna a dokin ƙofa. Ta ja safar ƙafar dama, safar ta ƙi fita sai da ta fizga, ta warware tsumman. Ita kanta ta yi kwana goma ba ta gani ba. Kan yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, gindinsa ya kumbura yana ƙyalli.

“Suga ne,” ta ce. “Irin na Inna. An ce in rage jiki ko a yanke. Ba a kori kowa ba. Abincinku ba shi da laifi, tsoronsa nake.”

Shu'aibu ya durƙusa ya kalli ƙafar, ya kalli matarsa. “Tun yaushe?”

“Tun kafin ka tafi.”

“Kika bar ni ina kwana a ƙarƙashin mota ina tunanin kina nan lafiya?”

Maman Kausar ta saki hanci ta kama haɓa. “Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ke da bakinki, Maman Ashraf? Kalma ɗaya fa!”

Rahma ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta ce, “Allah ya ba ki lafiya, Yaya. Ciwo ba laifi ba ne. Amma sati uku kina kallon idona kina yaba mini miya.” Ta juya ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Ba wadda ta taya su kwasa, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Shu'aibu ya aro shebur, ya haƙa rami a bayan gida, ya yi ta jigila da bokiti yana kakari. Hasiya ta ɗaure ƙafar a leda, ta bi tsakar gidan da tafasasshen ruwa da toka da kananzir har la'asar. Duk da haka sai da aka yi sati ana tsintar tsutsa a gindin turmi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga Magadaliya, don Shu'aibu ya biya ta rumfar ɗanta ya ba da labari. Ta shigo da kayan cocinta da ƙullin acca da yakuwa da gauta da busasshen kifi. Ta sami Hasiya kwance, tun jiya ko ruwa ta sha sai ya dawo.

“Tashi, zomo. Ashe abin da kike yi da kabejina ke nan. Wa ya ce miki mai suga ba ya cin gishiri? Baban Pam shekara tara yana da suga, ƙafarsa biyu, har gona yake zuwa. Da kin tambaye ni ai da na gaya miki.”

“Kunya na ji, Maman Pam.”

“Kunya. To yanzu da duk Rikkos ta shaƙi kunyar taki fa?”

Ta hura gawayi a ƙofar ɗaki ta dama gwate, ganye ya fi accar yawa, ɗan manja cokali guda. Ta zuba a ƙaramin kwano ta tsaya a kanta. Hasiya ta kai cokalin farko baki tana jiran amai, bai zo ba. Tsamin yakuwar ya wanke mata harshe. Ta shanye, ta miƙa kwanon.

“A'a,” in ji Magadaliya. “Sai nan da awa uku. Haka ake yi. Kaɗan-kaɗan, kada ki bari yunwa ta haukata ki.”

Litinin da sassafe su uku suka tafi asibiti. Sikeli ya nuna kilo casa'in da uku, ta sauke har fiye da abin da aka ce, kuma tun wata ukun bai cika ba. Sista Suzana ba ta ko kalli lambar sau biyu ba, ƙafar take kallo.

“Mama, na ce ki rage, ban ce ki daina ci ba. Jikin da ba ya samun abinci da me zai rufe ciwo? Ina Litinin ɗin da na ce ki riƙa zuwa?”

Hasiya ta sunkuyar da kai. Aka kira likita. Ya danna nan, ya danna can, ya ce ta ji? Ta ce ta ji. Ya danna kan yatsan, ta ce ba ta ji ba. Ya ce yatsan ya riga ya tafi, amma da alama abin bai haura ba, in an cire shi a satin nan ƙafar za ta tsira. Ranar Laraba aka cire.

Wurin ya ɗauki wata biyu kafin ya rufe, amma ya rufe. Hasiya na nan a Rikkos da yatsu tara da ƙafafunta biyu, tana shan ƙwayoyinta, tana cin tuwo daidai dunƙulen hannunta, wani lokaci ta zarce ta yi nadama. Shu'aibu yana kan tuƙinsa, kullum sai ya bugo waya ya tambayi abin da ta ci. Maman Kausar ta huce cikin sati, don labarin ya yi mata daɗin bayarwa ga masu sayen ƙosai. Magadaliya na rumfarta a Farin Gada. Firizar 'yan gwangwan suka ɗauka. Rahma kuwa suna gaisawa, ta je dubiya asibiti sau ɗaya, amma kwanonta bai sake shiga ɗakin Hasiya ba har shekara ta zagayo Mustapha ya sami shago a Daɗin Kowa suka tashi.